Dutsen Kabarin Fernande

Ta bangon da ya raba ɗakunan girkinsu Léocadie ta ji maƙwabcinta Désiré Hanquet ya ɗaga murya, karo na farko tun rasuwar matarsa Fernande.

"Da yarenmu na Walon za a rubuta a dutsen kabarin. Da shi uwarka ta yi mini faɗa shekara arba'in."

"Da Faransanci, Baba," in ji ɗansa Marcel, malamin makaranta a Liège. "Yau kuma Walon ya zama abin ado? Wa ya fasa mini leɓe a kansa?"

Léocadie ta sauke butar kofi. Ta tuna ranar.

Désiré yana da shekara goma sha biyu ya fara shiga ramin haƙar kwal a garin Seraing. A can wani abokin aikinsa Baflamande, ɗan ɗaya ƙabilar ƙasar, mai yawan karance-karance, ya gaya masa suna cin burodi cewa ba mutanen su Désiré ne suka raɗa wa kansu sunan Walon ba. Jamusawan da ne suka laƙaba wa maƙwabtansu masu yaren Rumawa, ma'anarsa baƙo. Da zolaya mutumin ya faɗa, amma Désiré bai yi dariya ba. Ya lura manyan kamfani duk Faransanci suke yi, kuma babu mai fama da tarin da ƙurar kwal ke sawa a cikinsu.

Da aka haifi Marcel sai ya kafa doka: ban da Walon a bakin yaron. A makaranta akwai ƙarfen da ake rataya wa duk wanda aka kama yana yaren. Ran da Marcel ya dawo ya ce an rataya masa, uban ya kwaɗa masa mari. Tun daga nan yaron ke yi wa uwarsa Faransanci, ita tana lalube, har hira ta mutu tsakaninsu.

Unguwa ta ce Désiré ya tsamo ɗansa daga rami. Léocadie kuwa ta daɗe tana zargin kunyar bakinsa yake ji, ya rasa wanda zai hukunta sai yaro.

Ta ji an buɗe ƙofa, ta leƙa. Marcel ya kama hanyar tasha. Tsohon ya dafa ƙyaure sai da tari ya sake shi, sannan ya yi kira da Walon, wanda bai taɓa yi wa ɗansa ba.

"Malam, ko ka bar mini dutsen, ai ban iya rubutu ba. Dawo in faɗa, kai ka rubuta."