Hannun Gwaggo

Gwaggona, ƙanwar babanmu, shekara ashirin da shida ta yi tana wankin ciwo a wani ƙaramin asibiti. Ɗakin aikinta ba komai sai gado mai shimfiɗar leda, famfo a lungu, da faranti na almakashi da auduga. Mace ce mai faɗa, ko mu 'ya'yan yayanta ba ta raga mana. Kuma ba ta taɓa ɓoye cewa ta tsani masu babur ɗin haya ba. Ɗaya daga cikinsu ne ya banke mijinta a bakin titi ya tsere, sai gawa aka kawo mata.

Abin haushi, rabin masu shigowa ɗakin nata su ne, wani gwiwa a saɓule, wani ƙafa a ƙone da salansa.

Ita da bakinta ta ba ni labarin ranar da ta kama kanta tana nuna bambanci. Wata malamar makaranta ta zo canjin bandeji. Gwaggo ta jiƙa shi da ruwan gishiri, ta jira ya saki da kansa. Na bayanta mai babur ne, shi kuwa a bushe ta fizge nasa, har sai da ya ciji hannun rigarsa.

"Ba wanda ya gani, yarinya," in ji ta. "Ni dai na ga hannuna. Kunya ta hana ni cin abinci ranar."

Gwaggo ba ta yaudari kanta cewa zuciyarta ta sauya ba. Doka ta kafa wa hannunta. In mai babur ya hau gadon, sai ta zuba ruwan gishiri a bandejin, ta juya famfo ta wanke hannu a hankali, yatsa bayan yatsa. Kafin ta gama, bandeji ya jiƙu, ita ma ta huce.

Wanda ya fi gwada ta wani magidanci ne da ake ce wa Dogo. Ciwon ƙaurinsa ya fara ruɓewa, domin azabar wanki ta sa ya gudu daga wani asibitin. Likita ya gaya masa ƙiri-ƙiri cewa in ya sake fashi, yanke ƙafar za a yi. Ga shi da surutu kamar rediyo, kullum fariyar gudun da yake zubawa a titi.

"Baba, in na murɗa babur, ko iska ba ta kamo ni!" haka yake ce mata.

Gwaggo ta ce akwai ranar da sau uku tana komawa famfo.

Mako shida yana zuwa, bai yi fashin kwana ɗaya ba. Ranar ƙarshe ya miƙe a kan ƙafafunsa biyu, ya taka, ya sake takawa, idonsa ya ciko.

"Baba, na ga hannuwa da yawa, ban ga mai taushin naki ba. Wallahi ke kina ƙaunar mu masu babur."

"Ko kaɗan," in ji Gwaggo. "Ɗayanku ne ya kashe mini miji."

Dogo ya ɗauki hular kwanonsa. Ita kuwa ta leƙa ƙofa ta kira na gaba. Shi ma mai babur ne. Ta zuba ruwan gishiri, ta juya ta buɗe famfo.