Madubin da Yaya Sale Ya Bari a Hannuna

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Sale, mahauci a kasuwar Habbena, kuma kusan duk shekara sai na ɗauki biro in rubuta wannan, sai in ajiye. Karatuna a lekol, wato makarantar boko, bai wuce aji shida ba, ina tsoron in faɗi abin da ba haka yake ba a kan mamaci. Bana dai na daure, don akwai abin da ya tsaya mini a rai.

Wata shekara wata gidauniya mai tallafa wa binciken kimiyya ta turo wata likitar dabbobi, muna ce mata Doktora, ta nemi mahauta su riƙa ba ta hantar shanu tana dubawa. To, baƙonka annabinka. Wa zai miƙa wa baƙuwa mugun nama? Kullum sai a zaɓo hanta mafi kyau, a wanke, a naɗe mata. Mai tsutsa kuwa a tura ƙarƙashin tebur. Mako uku tana dubawa ba ta ga komai ba, har ta fara mamakin lafiyar shanunmu.

Yaya ne ya tambaye ta, "Doktora, hantar nan miya kike yi da ita ko gashi?" Ta ce, "Cuta nake nema a ciki." Ya yi dariya har ya zauna a kan bokiti, ya ce, "Kalas, shi ke nan! Ai da kin faɗa, da mun cika miki kwando." Ni kuwa ban yi dariya ba a lokacin. Ina ta ja masa riga, ina tsoron a rufe mana tebur.

Ba a rufe ba. Sai ma ta kawo madubin nan mai ƙara girman abu, wanda 'yan makaranta ke kira mikroskop, ta sa Yaya ya leƙa ƙwayayen tsutsar da idonsa. Gani ya kori ji. Da aikinta ya ƙare ta bar masa madubin, shi kuma ya mai da kowace Juma'a bayan masallaci ranar kallo. Mahauta, masu sayar da nono, har limamin unguwarmu, kowa ya rufe ido ɗaya ya leƙa. Ranar da ya ɗebo ruwan kogin Shari daga unguwar Sabangali ya ɗiga ƙarƙashin madubin, wata tsohuwa ta leƙa, ta ja da baya tana salati, ta ce daga yau sai ta tafasa ruwa kafin ta sha.

Yanzu in na ga samarin mahauta suna ɗaukar hoton hanta da waya su aika wa likita kafin su sayar, sai in ce da Yaya na nan da ya tsokane su, ya ce waya ba ta jin wari. Amma na san da ya ji daɗi. Yanzu ba a ɓoye mugun nama ƙarƙashin tebur a layinmu, kuma shi ya fara kawo wannan gyara. Ina ganin wannan ya fi gidan da ya bari a unguwar Gudji daraja.

Ga damuwata. Ranar rabon gado na hana a sa madubin cikin kaya, domin ban sani ba ko kyauta aka ba shi ko aro. Yana cikin akwatina, ina goge shi duk wata. 'Yarsa Habiba yanzu tana karatun likitan dabbobi, abin da ya sa ni kuka don murna. Ta ce mini, "Baffa, shekara tara kana gadin abin da aka yi don a leƙa. Ka ba ni mana." Gaskiya ta faɗa. Amma ta yaya zan ba da abin da ban tabbatar namu ba ne?

Sunan gidauniyar ya ɓace mini, takardarsu da na ajiye tare da madubin kuma ruwan damina ya cinye rubutunta. Doktora doguwa ce, tana jin Larabcin garinmu sosai, tana zuwa a farar mota. Don Allah, wanda ya san ta, ko ya yi aiki da su, ya zo layin mahauta a Habbena ya tambayi ƙanin marigayi Sale. In aro ne, zan mayar da shi da hannuna in yi godiya. In kyauta ce, Habiba na jira.

Allah Ya jiƙan Yaya, Ya sa haske a kabarinsa.