Zakaran Inna da Fedar Yaya Abakar

Feda a hannun Yaya Abakar, littafin gyaran keke na Faransanci buɗe a cinyarsa, sai muka ga abu ya watse a ƙasa.

A gidanmu na unguwar Milezi ne, ana gobe zai fara jarrabawar bak, ta kammala sakandare. Kekensa kaɗai zai kai shi, ga feda tana ƙara. Inna ta ce ya kai wa Malam Isa mai gyara, Yaya ya ce shi ɗan kimiyya ne, da kansa zai sa giris.

A kan yashi ya kwance ta. Ƙananan ƙwayoyin ƙarfen boris suka zube, zakaran Inna ya ɗauka gero ne, ya tsince.

Da muka tura keken wurin Malam Isa, ya leƙa cikin feda ya ce, "Ina ƙwayoyin?"

Yaya ya ce, "Suna cikin zakara."

"To ustaz, littafin bai ce a shimfiɗa tsumma ba? Ko a Faransa ba a kiwon kaji? Irin ƙwayoyin nan sai jibi zan samo. Sai dai ka hau zakaran."

Da ƙafa Yaya ya tafi jarrabawa.

Ku ma kuna da masani a gida? Me ya kwance ya kasa mayarwa?