Motar da Barmo bai huda ba

Barmo ɗan maƙeri ne daga Ollelewa. Shekarar da fari ya cinye shanu, a 1973, ya sauko Tanut ya shiga gareji, ya zauna ƙarƙashin manyan motoci shekara goma sha ɗaya. Gwanintarsa ɗaya ce: kurwaziyo, ɗan ƙarfen nan mai ƙafa huɗu da ke haɗa kardan, sandar da ke ɗauko ƙarfin inji, da tayoyin baya. Yakan huda shi ya sa masa bakin ɗura giris, don rairayin Damargu ba ya barin busasshen ƙarfe ya tsufa.

A yunwar 1984 wata ƙungiyar agaji ta kawo sababbin motoci shida na jigilar hatsi, ta ɗauke shi aiki. Ya leƙa ƙarƙashinsu, ya ga kurwaziyo a toshe, babu ƙofar giris.

"Ranka ya daɗe, a bar ni in huda," ya ce wa shugaban gareji, Attahir, wanda ake kira Mushe, wato malam da Faransanci.

"Takardar kamfani ta ce ba ya son giris har abada."

"Ita takardar ta taɓa bin hanyar Tenhiya?"

"Kai, ɗan maƙera! Gatari ka ɗauke ta? Ka taɓa, ka bar aiki."

A Tenhiya kuwa ƙanwarsa Hajjo take aure, da 'ya'ya huɗu, suna cin ganyen jiga. Barmo ya shiga huda motocin a ɓoye, kowace Juma'a guda, lokacin da Mushe ke masallaci. Ya gama biyar, a ta shida aka kama shi da mahudi a hannu. Aka sallame shi da takarda mai hatimi biyu.

Ita ta shidan aka loda wa buhu ɗari biyu aka tura Tenhiya. Ba ta kai rabin hanya ba kurwaziyo ya tarwatse. Sabon kurwaziyo ya iso daga Yamai bayan kwana ashirin da uku. Kafin nan Hajjo ta binne ƙananan biyu.

Rahoton ƙarshen shekara ya yabi motoci biyar saboda ingancin ƙira. Ta shida, aka ce sakacin direba ne.

Barmo ya koma Ollelewa yana ƙera hauya. Bayan shekara uku Mushe Attahir ya ajiye aiki ya sayi tasa motar, ya tuƙo ta har ƙofar maƙera.

"Malam Barmo, a ɗan duba mana kardan."

Barmo ya ajiye guduma, ya shiga ƙarƙashi ya huda masa. Aiki mai kyau kuwa, don bai iya wani iri ba.