Tarwadar Rijiyar Inna

A bazarar 1978, ina amaryar wata uku a Anguwan Rogo, na zura guga a rijiyar gidan mijina, na jawo shi da nauyin da ban saba ji ba. Ina dubawa sai ga tarwada baƙa wuluk tana motsa gashin baki. Ni 'yar Zariya ce, ruwan famfo na tashi ina sha, ban taɓa jin an ce kifi na zama a rijiya ba. Na waiga, ba kowa a tsakar gida. Na ce tsuntsu daga sama gasasshe, na sa mata wuƙa.

Farfesu na yi, na zaɓa wa surukata, wadda kowa ke kira Inna, tsoka mafi kyau. Lokacin kunya ba ta barina in haɗa ido da ita, sai na ajiye kwanon a ƙofar ɗakinta na gudu. Ta cinye, ta sa mini albarka ta bayan labule. Maigidan, wanda ke ɗinki a Titin Bauchi, ya ɗauka a kasuwa na sayo. Ba wanda ya tambaya, ni ma ban ga abin faɗa ba.

Da damina ta sauka sai ruwan ya fara zuwa da baƙi: ƙananan tsutsotsi masu wutsil-wutsil, wasu jajaye sirara kamar zare, da ƙwari masu iyo a rigingine. Na wanke randa da toka, na tace ruwa da kallabina, washegari su dawo. Kaina ya kulle. Wata maƙwabciya ta ce ruwan tsofaffin ramukan kuza ne ya biyo ta ƙarƙashin ƙasa, wata ta ce baki ne, a nemi rubutu. Maigida kuwa ya ce ƙila ni ce ba na rufe randa. Na shiga madafa na yi kuka, don na san ni ba ƙazama ba ce.

Abin da ya ƙara ɗaure mini kai, kullum da safe Inna sai ta jingina da bakin rijiya ta daɗe tana leƙe, tana jefa ɓarɓashin tuwo. Na ɗauka tsufa ne.

Sai ga duba-gari da gajeren wandonsa da ludayi. Ya kamfaci ruwa ya ɗaga a rana, ya ce 'ya'yan sauro ne, ya ba mu mako guda, in ba su tafi ba zai zuba kananzir ya rufe rijiyar. Ranar na fara jin Inna tana gardama. Ta ce shekara goma sha biyu rijiyar nan ba ta san ƙwaro ba, domin marigayi mijinta da ya bar aikin kuza shi ya haƙa ta da hannunsa, ya kamo tarwada a kududdufi ya saka, ita ke cinye ƙwarin.

"Tana nan ciki," in ji ta. "Ɓuya take yi in ta ji baƙo."

Da duba-garin ya fita na durƙusa gabanta na faɗi komai, kaina a ƙasa. Sai ta tambaye ni:

"Har da ni aka ci?"

"Har da ke, Inna."

Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni ɗin. Washegari maigida ya sayo ƙaramar tarwada mai rai a bokiti, ya kai mata. Ta ƙi taɓawa, ta ce a ba ni, ni zan saka. Na saka ta a rijiya, kuma har yau ban sani ba ko yafiya ce ko horo. Ƙwarin suka ragu, rijiya ta tsira.

Inna ta ƙara shekara shida a duniya, ni nake yi mata girki. Duk ranar da aka yi miyar kifi, sai ta ce in kawo mata koko.