Kujerar da Ba Ta da Ƙafar Baya

Jama'a, yau kujera ta kusa hana ni aiki!

Na je Filinge neman aikin gadi a wani biro, wato ofis. Gero bai yi ba bana a garinmu Tabla, gidana babu komai. Mai biron, wani ɗan boko mai gilashi da ake kira Mushe, ya ce, "Baba, zamna."

Na dubi kujerar. Bututun ƙarfe ne aka lanƙwasa, yana walƙiya, an ɗaura masa baƙar fata. Ƙafafun gaba kawai gare ta, baya babu! Na ce a raina, wannan karyayya ce, in na ƙarasa ta aiki ya tafi. Kuma babba ya ce a zauna, ba a ƙi.

Sai na lanƙwashe gwiwa a kanta, ban bari ta taɓa ni ba. Yana tambaya, ina amsawa. Cinyoyina suka kama wuta, zufa har ido!

Sai ga wata Hajiya ƙatuwa ta shigo, ta faɗa kan wata kujerar irinta da ke gefe. Na yi tsalle, na ce, "Hajiya, ba ta da ƙafa!"

Kujera ta yi lilo kawai, ta tsaya. Hajiya ta harare ni, "Kai tsoho, wa ab ba ta da ƙafa?"

Mushe ya leƙo. "Baba, tun ɗazu bisa mi kake zamne?"

Na ce, "Bisa iska."

Ya yi dariya har ya cire gilashi. "Haka aka ƙera ta! Wanda ya tsare kujerata haka zai tsare ƙofata. Gobe ka zo."

Na ce, "To, amma da tabarmata."