Ƙafar Baba Ƙalau

Duk layin masu walda babu wanda ya san shi da wani suna sai Baba Ƙalau. Shekara hamsin da ɗoriya ya yi yana haɗa ƙyamare da tagogin ƙarfe a shagonsa mai rufin kwano, kuma duk wanda ya tambaye shi jiki, amsar ɗaya ce: "Ƙalau." Ranar da tartsatsi ya faɗa masa a ido ma haka ya ce, idon na ta zubar da ruwa.

A wurinsa, babban mutum ya buɗe baki ya ce ba shi da lafiya, rashin kunya ne. Masu ciwon kai, masu ciwon baya, masu "yau jikin nawa ba daɗi", kwando ɗaya yake zuba su: ragwaye. Sarkin ragwayen kuwa ƙaninsa ne, Auta, uwa ɗaya uba ɗaya.

Yana da shekara takwas uwarsu ta rasu, Auta yana goye. Kakarsu ta wajen uwa ta ɗauke jaririn, shi kuma aka bar shi hannun uba, mai buga bulo, mutumin da bai taɓa tambayar kowa yadda ya kwana ba. Wata rana ƙusa ta shige masa tafin ƙafa a filin aiki, ya zo yana ɗingishi yana kuka. Uban ya zare ta da hannu, ya yago gefen rigarsa ya ɗaure wurin, ya ce, "Ka mutu?" Ya ce a'a. "To koma bakin aiki." Zazzaɓi ma a tsaye yake yin sa. Har ya tsufa yana ba da wannan labari kamar wanda aka rataya wa lambar yabo.

Can gidan kaka kuwa, atishawa ɗaya ta isa a hana Auta zuwa makaranta. A lulluɓe shi, a taɓa goshi, a yi ta "sannu ɗan marayana". Har ya yi gemu tsohuwar tana bin sa da rigar sanyi. Ya yi aikin ofis, ya yi ritaya ba tabo ko ɗaya a hannunsa, ya koma yawo da ledar magunguna kamar mai talla. Ka gaishe shi ka jawo wa kanka: zai faro daga wuya, ya gangara har ɗan yatsan ƙafa. Sau biyu a mako yake zuwa shagon yayansa, ya share benci da hankici, ya zauna ya yi ta nishi. Baba Ƙalau kan sauke gilashin walda ya kunna inji, don ƙarar ta rufe masa kunne.

Ran nan wata ma'aikaciyar jinya daga asibitin unguwa ta shigo layin da jaka da takardu, tana bin tsofaffi tana yi musu tambayoyi. Ta tarar da su duka biyun, ta fara da yayan.

"Baba, a naka ganin, yaya lafiyarka? Tana da kyau sosai, tana da kyau, da dama-dama, ko ba ta da kyau?"

"Ta farkon. In akwai wadda ta fi ta, ita za ki rubuta."

Ta juya wurin Auta. Ya gyara zama, ya ɗora ledarsa a cinya. "'Yata, bayan ta ƙarshen nan babu wata?"

Baba Ƙalau ya ja tsaki har maƙwabcin shago ya leƙo.

Ta tambaye su wa ya rene su, ko ana kai su asibiti suna yara, ko an riƙa dukansu. "Duka?" in ji Baba Ƙalau. "An gyara ni dai. Ga wanda ba a gyara ba nan kina gani."

Ta auna Auta, jini daidai, suga daidai. Sai ka ce an zage shi. Ta auna yayan, ta sake aunawa. Sannan ta dubi ƙafarsa ta hagu, wadda ya yanke bakin takalmin don ta samu wuri, ta roƙe shi ya cire. Babban yatsan ya yi baƙi, an naɗe shi da tsumma da salatif. Wata uku ke nan da guntun ƙarfe ya yanke shi.

"Ba ya ma ciwo," ya ce, da alfahari.

"Abin tsoron ke nan, Baba. Yau ɗin nan ya kamata likita ya gan ka."

Ta rubuta masa takarda. Yarinyar da aka haifa jiya, da 'yar na'ura mai batir, ita za ta gaya masa abin da ke jikinsa! Tana fita ya ninke takardar huɗu, ya cusa ƙarƙashin ƙafar teburin da ke rawa.

Bayan wata biyu ya yanke jiki ya faɗi a shago da rana tsaka. Maƙwabta suka kwashe shi. Likitoci suka ce ƙafar ta ruɓe, sai an cire ta daga ƙasan gwiwa. Abin da ya ce musu kawai, su hanzarta, yana da ƙyauren mutane da bai gama ba.

'Yarsa tilo, malamar makaranta, ita ta zauna jinyarsa. Shi ya rene ta, kuma yadda aka rene shi haka ya rene ta. Tun tana 'yar mitsitsiya ta san ba a zuwa gabansa da hawaye, kuma yana yawan nuna ta ga mutane a matsayin shaida. Ita ke ɗaga shi, ita ke juya shi, ba ta taɓa cewa uffan ba. Auta ma kullum yana nan, ya mamaye kujera ɗaya tak da ke gefen gadon, yana bai wa majinyatan ɗakin labarin ƙugunsa.

Rana ta biyar, Malama ta fita karɓo magani. Auta ya sunkuyo.

"Yaya, ka daina sa yarinyar nan tana ɗaga ka. Ɗinkinta bai warke ba."

"Wane ɗinki?"

"Aiki aka yi mata a ciki, sati uku kafin ka faɗi. Ƙari aka cire. Kwana huɗu na yi a kanta a ɗakin mata, can sama."

Baba Ƙalau ya tuna ta ce masa za ta je taron malamai. Ya dubi ƙanin nasa, wannan lusari da ko guduma bai iya riƙewa ba.

"Duk duniya ta rasa wanda za ta kai wa kukanta sai kai?"

"To wa za ta kai wa?" in ji Auta. Ba da gatse ya faɗa ba, kuma hakan ya fi zafi.

Malama ta shigo. A karon farko ya lura da tafiyarta: gajeren taku, hannu ɗaya dafe da gefen ciki, da ta ga yana kallo sai ta sauke hannun. Ya buɗe baki zai tambaye ta, ya rasa ta inda ake fara irin wannan tambaya. Shekara saba'in da shida bai taɓa yi wa kowa ita ba.

Sai ya juya ya daka wa Auta tsawa.

"Kai, tashi ka ba ta kujera! Ƙaton banza, ka zauna kana kallon mutane."

Auta ya miƙe. Malama ta tsaya da ƙullin magani a hannu, tana duban uban, tana duban baffan nata, ta gane an faɗa. Ta ce ita ba ta gaji ba.

"Ban tambaye ki ba," in ji shi. "Zauna."

Ta zauna a hankali, tana riƙe da ƙarfen gadon. Da lokacin juya shi ya yi, ya hana ta tashi, ya sa aka kira ma'aikacin ɗakin.